Ranar da Buta Ta Zaɓa wa Lawali Man Fuska

Ban taɓa mantawa ba, ba na kuma jin zan manta, da ranar da na durƙusa a zauren Malam Haliru a Wurno, hannuna miƙe, ana zuba masa ruwa daga buta don a gane ko hajata ta ci ko ta faɗi. Na fi shekara talatin ina sayar da kayan shafa, ba a taɓa yi wa kayana jarrabawa mai tsauri irin wannan ba. Ina ba da labarin ne saboda ku da kunka shigo sana'ar nan daga baya, masu ganin cewa duk wanda ya iya karanta rubutun jikin kwali ya gama sanin haja.

Sunana Sahabi. Da akwati a bayan keke na fara, ina bin kasuwanni daga Goronyo zuwa Marnona, wani lokaci har Maikujera ta ƙasar Rabah. Sabulu ne, basilin ne, man kaɗe, kwalli, hoda da turare. Da ruwan dam ya zauna da gindinsa, noman rani ya buɗe, albasa da tafarnuwa sunka fara sa mutane suna duba madubi, sai na samu shago a Wurno. Ban yi karatun boko mai nisa ba, amma ina da doka guda da ta riƙe ni: ba na ce wa mai saye babu. Sai dai in ce masa ya dawo jibi.

Ga wanda bai san yadda noman rani yake tafiya a wajenmu ba, ruwa yana biyo babban kanal ne, ya rarrabu cikin ƙanana, kowanne da ƙofar ƙarfe da ake murɗawa a buɗe ko a rufe. Ana raba ruwan bi da bi, yau na waɗannan gonaki, gobe na waɗancan. A sama akwai injiniya, ƙarƙashinsa mai kula da shiyya, ƙarƙashin wannan kuma mai ƙofa. A takarda mai ƙofa shi ne ƙarami, amma a bakin kanal shi manomi yake fara gaisarwa. Aikinsa tsayuwa ne daga safe har rana ta yi sanyi, kuma rana biyu ke dukansa, ta sama da wadda ruwa ke maido masa a fuska.

Malam Lawali mai ƙofa ne a ɗaya daga cikin shiyyoyin. Zabiya ne, shekarunsa sun kai arba'in. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, baffansa Malam Haliru ya raine shi, dattijon malami mai karantar da manya a zaurensa. Lawali mutum ne mara yawan magana. Manoma sun yarda da shi saboda ba a taɓa jin kwandon albasa ya sa ya murɗa ƙofa ranar da ba ta mai kwandon ba.

Cikin watan Maris, rana ta fara nuna halinta, ya shigo shagona da takarda a ninke. Ya jira mutane sunka rage, sannan ya yi mini bayani a hankali. Ya je asibiti a Sakkwato saboda wasu wurare masu kaushi da sunka fito masa a gefen kunne da kusa da hanci da leɓen ƙasa. Likita ya cire su, ya ce masa ba su zama ciwon daji ba tukuna, amma hanyar can sunka kama. Ya ba shi sharuɗɗa uku: malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, da man kariyar rana a fuska kullum, ba fashi. Ya kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in ba zai iya kiyayewa ba, ya bar bakin kanal tun da sauran fuskarsa.

Na karɓi takardar na juya ta sau biyu kamar mai fahimta. A lokacin shagona cike yake da mayukan da ke yi wa mutane alkawarin haske, amma ba ni da ko ɗaya da ke kare mai hasken. Na ce masa, "Malam Lawali, ka dawo jibi."

Washegari na shiga mota zuwa Sakkwato, wajen Hajiya Luba, mai babban kantin magani, wadda ta yi karatun haɗa magunguna. Mun daɗe muna hulɗa, ta san halina.

"Alhaji Sahabi, yau kuma mi anka aiko ka? In man bilicin na, ƙohwa tana bayanka."

Na miƙa mata takardar. Ta sa tabarau ta karanta, sai ta daina wasa. Ta ce man kariyar rana iri biyu ne. Akwai wanda ke shiga cikin fata ya yi aikinsa daga can, akwai kuma wanda ke zama a kanta kamar shafen farar ƙasa a bango. Na biyun likita ya rubuta. Da sinadarin zinc ake yin sa, irin farin nan na ruwan kalamin da ake shafa wa masu ƙyanda. An zaɓa masa shi ne don fatarsa mai saurin fushi ce, kuma in zufa ta gangaro da shi bai cika yi wa ido yaji ba.

Ta koya mini abin da zan riƙa dubawa. Kada in tsaya ga hoton gaban kwali, in juya baya in nemi sunan zinc cikin jerin kayan haɗin. In duba lambar ƙarfinsa, wadda ake rubutawa bayan haruffan SPF, kada ta gaza talatin, ga zabiya kuma hamsin ta fi. In tabbata an rubuta yana tare hasken rana iri biyu, mai ƙonewa nan take da mai yin ɓarna a ɓoye. Kada ya zama mai turare. Sai ranar ƙarewar wa'adinsa da lambar rajistar hukuma.

"Aibinai guda na," in ji ta. "Shina barin hwari. Shi ya sa matan birni ba su son shi. Mace ta shahwa, sai ka ce daga injin niƙa ta hito."

Na ce, "Hajiya, wanda nika kai ma shi, wanga aibi ba shi ganuwa a huskatai."

Ta yi dariya, sannan ta yi istigfari, ta ajiye mini robobi uku a kan kanta. Na farko mai kauri ne, an rubuta ruwa da zufa ba sa saurin cire shi. Na biyu an sa masa launin ƙasa-ƙasa don ya ɓace a baƙar fata. Na uku mai ruwa-ruwa ne, bai yi wa kowa alkawarin komai game da ruwa ba.

"Mi mutumin naka ka yi?"

"Aikin ruwa. Bakin kanal shika wuni."

"To na hwarko ya hi riƙo. Amma sai an sa sabulu shika hita sosai."

Rabin farko na maganarta na ji. Rabi na biyu ya wuce ta saman hulata. Mutum yana aikin ruwa, ga man da ruwa ba ya cirewa, mi ya rage? Shi na ɗauko. Ba zan kuma ɓoye muku ba, shi ya fi tsada, kwalinsa ya fi kyau, kuma ɗan kasuwa yana son hajar da ke ba shi abin faɗa.

Ranar da Lawali ya dawo, bencin ƙofar shagona cike yake da manoma. Da na miƙa masa ledarsa shiru ya tafi, da wataƙila ba ni da labarin ba ku yau. Amma na ga taro, bakina ya motsa. Na buɗe robar, na shafa a bayan hannuna, na ɗan jira ya kama, na ɗauko butar alwalata na kwarara ruwa a kai. Ruwan ya dunƙule ya gangare kamar a kan ganyen bado.

"Ku diba!" na ce. "Malam Lawali, ko kanal ka hwaɗa, ka hito da abinka."

Mutane sunka yi ta mamaki. Wani manomin tafarnuwa ya ce, "Alhaji, a shahwa ma rufin ɗakina kahin damina." Anka yi dariya.

Lawali bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hannuna, ya matso da fuskarsa kusa saboda idonsa ba ya gani daga nesa.

"Ke nan ruwan bai taɓa hwata ba?"

"Ko ɗigo!" na ce, har da buga ƙirji.

Ya gyaɗa kai, ya karɓi kayansa, ya ce Allah shi saka. Na ɗauka gamsuwa ce.

Bayan mako uku, ranar kasuwar Goronyo, na kai wa masu teburi kaya. Ina ratsawa ta wajen 'yan hatsi na hange shi, malafa a kai, yana auna gero. Da ya ɗago, na ga fuskarsa. Kumatunsa sun yi ja kamar gauta, hancin yana saɓa, leɓen da likita ya gyara ya sake tsagewa. Na ja shi inuwar wata rumfa.

"Malam Lawali, mi ya samu huskarka? Man bai karɓe ka ba?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da robar. Da ƙyar anka taɓa ta.

"Man lahiya lau shike, Alhaji. Yadda kac ce, haka shike."

"To mi ya hana ka shahwawa?"

"Kai da kanka ka gwada mani. Ruwa ba shi taɓa hwata. Ƙaƙa nika alwala?"

Ni ma mai salla ne, butar da na yi tallan da ita ma ta alwala ce, amma wallahi ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Ya ce ya tambayi baffansa, Malam ya ce duk abin da ya hana ruwa isa ga fata shamaki ne, alwala a kansa ba ta yi ba. Ya gwada tafiya da sabulu bakin kanal, yana dirje fuska kafin kowace salla. Kwana huɗu ya yi, fatar ta ɗauki raɗaɗi fiye da na rana, manoma kuma sunka fara tambayarsa ko sabon aure zai yi. Sai ya ajiye duka biyun, da man da sabulun.

Na ce masa, "Ka manta abin da likita ya ce?"

"Ban manta ba. Amma gara huskata ta ƙone nan da ta ƙone can."

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun ina bisa keke. Na shiga kushe hajata da bakina. Na ce masa ai ka san halinmu 'yan kasuwa, ƙari muke yi. Na ce rubutun kwali ne kawai, ruwa yana ratsawa, ranar nan ma hannuna ya jiƙe, ban dai faɗa ba. Ya saurare ni har na gama, cikin ladabi, sannan ya ce, "Alhaji, rannan ban ji da kunne kaɗai ba. Na gani." Tsalle ɗaya na yi na jefa mutum rijiya, ga shi ina ta tsalle na kasa fito da shi. Da talla ɗaya daga cikin dubban da na yi a rayuwata zai zama ƙarya, da na so ya zama wannan.

Na koma Sakkwato na gaya wa Hajiya Luba. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ban ce maka sai da sabulu ba?"

"Kin ce."

"Ina kunnenka ya tahi?"

"Wajen riba, Hajiya."

Ta ba ni sauran biyun. Ta ce na ukun, mai ruwa-ruwa, ƙarfin kariyarsa ɗaya ne da na farko, kuma da ruwa da cuɗa yana fita. Amma abin da ruwa ke cirewa, zufa ma tana cirewa. Sai an riƙa maimaitawa, kamar bayan kowace awa biyu in ana cikin rana, da duk lokacin da anka wanke fuska. Ta ce a nan ne yawancin masu saye ke faɗuwa, su shafa da safe su ɗauka sun gama da rana har gobe. Kada kuma a bar robar cikin zafi, tana lalacewa.

Na dawo da robobin, amma na san ko na kai wa Lawali ba zai karɓa daga bakina ba. Bakin ya riga ya yanka wuya. Na ce masa mu je gaban Malam tare. Ya ƙi, ya ce kada in ɗaga maganar. Na ce ni zan je ko ba shi, gara ya zo ya ji abin da zan faɗa a kansa. Haka ya biyo ni, ranar Alhamis da hantsi, ranar da ba a karatu.

Malam Haliru ya haura tamanin. Ɗan ƙaramin dattijo ne, idonsa ya yi rauni ƙwarai, sai dai harshen yana nan da kaifinsa. Munka tarar da shi bisa buzu, tare da tsohon abokinsa, ladanin masallacin unguwar. Munka gaisa, na jera robobin uku a gabansa.

"Allah shi gafarta Malam, na zo da ƙara, kuma ni ad da laihi."

"Ɗan kasuwa ya amsa laihi tun ba a tambaye shi ba? Ladan, diba waje ko hadari ya taso."

Na fara bayani daga farko, ina zaton ya san komai. Na faɗi zuwan Lawali asibiti, da wuraren da anka cire masa, da abin da likita ya ce za su iya zama. Ban kai ƙarshe ba Malam ya ɗaga hannu.

"Dakata. Wa anka yanka ma kunne?"

Lawali ya sunkuyar da kai har malafarsa ta kusa taɓa tabarma.

"Lawali, da kai nika magana. Zuwanka Sakkwato da kac ce mani aiki na, asibiti ka tahi?"

"Na'am, Baffa."

"Kuma rannan da kaz zo kac ce mani, wani mutum ya samu wani mai da ruwa ba shi ratsawa, mi al hukuncin alwalatai? Wane na wani mutum?"

"Ni na, Baffa."

"Mi ya hana ka hwaɗi?"

"Ban so in tada maka hankali."

Ashe haka anka yi. Kunya irin ta ɗan riƙo, wanda ya girma yana gudun ya zama nauyi. Kullum yana zuwa gaisuwa da asuba, kai a ƙasa, Malam kuma ba ya gani sosai. Ya yi rabin tambaya, anka ba shi rabin amsa, ya ɗauka ya tafi da ita cikin rana.

Malam ya ce ya matso. Ya cire masa malafar da kansa, ya bi fuskar da yatsunsa a hankali, goshi, hanci, gefen kunne. Da ya kai leɓen sai ya tsaya. Ya sauke hannunsa.

"Na ɗauka wata amarya ta ka son ƙyalli," in ji shi daga baya. "Na ba da amsar ƙyalli. Ban san wani mutum ɗana na ba. Mai larura shina da tashi magana, amma sai ya hwaɗi larurar. Ni na ce ka kiyaye alwala. Yaushe nic ce ka ƙona amanar da Allah ya ba ka?"

Sai ya juyo wajena, muryarsa ta koma yadda take. "To, mai laihi. Kawo shaidunka."

Na ce zan gwada masa ɗaya bayan ɗaya, in faɗa masa abin da ya faru.

"A'a. Ba a karɓar shaidar ɗan kasuwa bisa hajatai. Kai dai ba da hannu. Lawali shi zuba ruwa, Ladan shi gani, ni in taɓa. Ido ya gaza, yatsa shina nan."

Haka na durƙusa, Alhaji guda, mai shago da ƙofa biyu, hannuna a miƙe bisa tasa. Anka shafa na farko, mai tsadar. Munka jira ya kama. Lawali ya zuba ruwa sau uku, Malam yana cuɗawa kamar yadda ake cuɗa gaɓa a alwala. Sannan ya ja farce a kai, ya murza abin da ya taru tsakanin yatsunsa.

"Ladan, mi kag gani?"

"Hwari na nan, Malam. Ruwan sai gudu shikai."

"Shina da jiki. Sahabi, rannan ka yi gaskiya. Allah shi ƙara maka irinta, amma ba bisa huskar ɗana ba."

Na biyu, mai launin ƙasa-ƙasa, bai ma kai ga buta ba. Na ce a ɗan gwada shi a kumatun Lawali tukuna. A hannuna ɓacewa ya yi, amma a fuskarsa sai ya fito kamar an yaɓa masa lakar fadama. Ladan ya riƙe dariya har ya kasa.

"Malam, wanga in ya shahwa shi, cewa za a yi kanal ya hwashe da shi."

Lawali kansa ya yi murmushi, karo na farko tun shigowarmu. Ya goge, munka ture robar gefe.

Sai na uku, wanda na raina a Sakkwato. Anka shafa mini a ɗaya hannun. Lawali ya zuba ruwa, Malam ya cuɗa. Ladan ya ce ruwan da ke sauka cikin tasa fari ne. Anka sake zubawa, ya ce ya fara washewa. A na uku ya ce ruwa ne garau. Malam ya ja farce, ya murza, ya sake ja a tsakanin yatsuna inda abu ke iya maƙalewa. Bai samu komai ba.

"Wanga ba shi da taurin kai," ya ce. "Lawali, saurara. Ka wanke shi tukuna har ruwa shi washe, sannan ka yi niyya ka kama alwalarka. In ka ƙare, ka tsane huska ka maida shi. Akwai wuya cikin wanga?"

"Babu, Baffa."

Da na so, da na yi shiru a nan na ɗauki nasarata. Amma na riga na ga abin da rabin magana ya jawo, har sau biyu. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, shina da rauni. Zuhwa tana cire shi. Sai an riƙa maimaitawa. Azahar da La'asar alwala ta ɗauke muna, amma daga sahe zuwa Azahar da nisa, kuma nan rana ta hi cizo."

Malam ya yi wata 'yar dariya.

"Daga sahe zuwa Azahar? Ladan, shekara nawa nika ce ma yaron ga shi riƙa sallar walha, shina ce mani aiki ya yi yawa?"

"Sun hi goma."

"To ga likita ya taya ni. Da hantsi ka sabunta alwala, ka yi raka'a biyu, ka shahwa. Ni na samu nahila, likita ya samu nashi, Sahabi ya samu ciniki. Wa ya yi hasara?"

Na ce, "Sabulu, Malam."

Daga ranar Lawali ya sa matarsa ta ɗinka masa 'yar jaka, ya sa robar a ciki, ya ɗaure ta a mariƙin butarsa, yana ajiye su a inuwar 'yar rumfar da ke bakin ƙofar ruwa. Yana shafawa kafin ya fita da safe, sai da walha, sai tsakar rana lokacin da yake sauya ƙofa, sai bayan Azahar da bayan La'asar. Sharaɗin da Hajiya Luba ta ce shi ke kayar da masu ilimi a birni, wato tunawa da maimaitawa, shi bai taɓa zame masa aiki ba. Ba ya iya ɗaukar buta bai ga robar ba, kuma ba a taɓa tuna masa ɗaukar buta ba.

Kafin damina ta sauka, jan ya kwanta, leɓen ya warke. Da ya koma asibiti lokacin da anka ɗibar masa, likita bai ga sabon wuri ba. Har yau yana bakin ƙofarsa. Duk lokacin da robarsa ta kusa ƙarewa yakan leƙo shago ya ce, "Alhaji, a kawo mai raunin nan." Malam Haliru ya rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙansa. Lawali bai bar walha ba.

Mai tsadar kuwa na karɓe shi na musanya masa. Yana nan a saman kanta, wa'adinsa ya daɗe da wucewa, ban kuma yar da shi ba. Ba shi da laifi. Duk abin da anka rubuta a jikinsa gaskiya ne, kuma akwai mai bukatarsa a wani wuri. In sabon shiga sana'a ya tambaye ni wanne ne ya fi kyau cikin mayukan rana, nakan nuna masa shi in ce, wancan ya fi kowanne, mako uku ya yi a aljihun mutum fuskarsa tana ƙonewa.

Abin da na koya ke nan. Duba zinc, duba lamba, duba wa'adi, duk wajibi ne, kuma cikin rabin awa ake koyonsu. Wanda ya ɗauke ni shekara talatin shi ne sanin cewa man da ya fi kariya shi ne wanda mai shi zai yarda ya shafa gobe da jibi ba tare da ya yi faɗa da zuciyarsa ba. Mutanenmu kuma ba sa gardama da mai shago. Za su gode maka, su yi maka addu'a, su ajiye kayan a aljihu. Don haka yanzu duk wanda ya zo neman man fuska, ba na tsayawa ga tambayar inda yake wuni. Ina tambayarsa abin da fuskar ke yi daga asuba zuwa faɗuwar rana. Wancan karon anka tambaye ni aikin Lawali na ce ruwa, na zuba ido ga kanal guda, na manta da 'yar butar da ke hannuna.